Inna tana kuka da dare, Yaya kuma ya ce tsufa ne kawai

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Jos, yarana huɗu. Mahaifiyarmu, Inna muke ce mata, ta haura shekara 70. Bayan rasuwar Babanmu shekara biyu da suka wuce na ɗauko ta daga gidanta na Gangare ta dawo wajena saboda ciwon gwiwa ya hana ta komai. Mace ce da duk unguwa aka san ta da masa, tun asuba tana kan tanda, da yamma tana islamiyya, amma yanzu ko tsakar gida ba ta son fitowa. Abinci sai da lallashi, da dare ina jin nishinta wani lokacin har kuka, in na tambaya ta ce ba komai. Sallah a zaune take yi, tana cewa ita ba ta jin ta yi sallah. Kwanan nan ta fara cewa da ma Allah ya ɗauki ranta ta huta mu ma mu huta. Ɗana take aika kemis ya sayo mata haɗi, kala biyar a ƙulle a leda, yanzu fuskarta ta kumbura tana kuma kukan zafin ciki. Yayanmu yana Abuja, shi ke turo kuɗi, na ce a kai ta asibiti ya ce tsufa ne kuma tsufa ba shi da magani. Ƙanwarmu ta ce jifa ne a kai ta wajen malam. Satin da ya wuce da dare na gaji na daka mata tsawa na ce Inna ke fa kin cika raki, tun ranar ba ta ƙara gaya mini inda ke mata ciwo ba, ni kuma na kasa barci don ganin nake na yi abin da Allah ba zai yafe mini ba. Maigidana ma ya fara ƙorafi ba ni da lokacinsa. Anti ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri ya ba Inna lafiya. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma maganar tsawar da ke hana ki barci zan zo kanta, amma ki yi haƙuri in fara da ledar nan ta kemis domin ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Na yi shekaru ina aikin nas a ɗakin kwantar da manya, kuma haɗin nan na san abin da aka saba zubawa a ciki, yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokacin biyu a haɗe, ga dexamethasone ko prednisolone, wasu har tramadol suke ƙarawa. Ukun farkon nan su ne suke cin ciki har ya zama olsa mai zubar da jini, suna wahalar da ƙoda suna tayar da hawan jini, kuma jikin tsoho bai iya jure su kamar na yaro. Dexamethasone kuwa shi ke sa mutum ya ji garau kwana ɗaya, amma shi ne mai kumbura fuska, yana tayar da suga yana rage ƙarfin ƙashi. Da kika ce fuskar Inna ta kumbura ga zafin ciki, wallahi nan take zuciyata ta tafi can. Toh amma ki ji ni da kyau, kada ki ƙwace ledar yau ki ce daga yanzu babu, in ta jima tana shan irin dexamethasone ɗin nan yanke shi lokaci ɗaya yana da nasa haɗarin, a hankali ake rage shi kuma likita ne zai tsara yadda za a yi. Abin da za ki yi shi ne cikin satin nan, ba wata mai zuwa ba, ki ɗauki Inna da ledar da ƙwayoyinta ki kai asibiti, ko JUTH da ke Lamingo ko Plateau Specialist ko Jankwano, wanda ya fi miki sauƙi, ki zube ƙwayoyin gaban likita ki gaya masa tun yaushe take sha. Ki roƙi a auna mata hawan jini da suga, a duba yawan jininta da ƙoda, a ɗauki hoton gwiwar. In kuma kafin ranar kika ga bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, ko ta yi aman jini, ko fitsari ya ragu ƙafa ta kumbura, ko ta rikice farat ɗaya ba ta gane mutane, wannan ba a kwana da shi a gida, a ranar ake tafiya.

Yanzu maganar Yaya. Ban ce ƙarya ya yi ba, akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, in banda guda ɗaya wato tsufa. Amma ki duba farkon hadisin mana, umarni ne a nemi magani. Shekarun Inna ba mai mayar da su baya, guringuntsin gwiwarta da ya cinye ma ba zai sake tsirowa ba, amma zafin da ke hana ta barci ana rage shi, kuma baƙin cikin da ya rufe ta cuta ce mai suna mai magani. Na ga tsofaffi masu shekara 80 da gwiwarsu ta fi ta Inna lalacewa a hoto suna zuwa kasuwar Farin Gada da sandarsu suna ciniki.

A aikinmu akwai wata magana da kowace ɗalibar nas take haddacewa, wata nas ce Ba'amurkiya mai suna Margo McCaffery ta faɗe ta a 1968, ma'anarta ita ce ciwo shi ne abin da mai shi ya ce yana ji, kuma yana nan a duk lokacin da ya ce yana nan. Ba na'urar da za a ɗora a gwiwa ta nuna zafi kamar yadda ake auna zazzaɓi, bakin mai ciwo ne ma'aunin. Matsalar kuma ita ce iyayenmu mata an tarbiyyantar da su a kan dauriya, macen da aka koya wa ko a naƙuda kada a ji muryarta, kin ga in har ta kai tana kuka da dare to abin ya wuce inda kike zato. Kuma tambayar da muke musu ma ba ta fitar da gaskiya, in kika ce Inna ya jiki, amsar ɗaya ce har abada, da sauƙi alhamdulillahi. Ki canza tambayar. Ki ce Inna jiya gwiwar ta bar ki kin yi barci kuwa, ta tashe ki sau nawa, wacce ta fi, ta dama ko ta hagu, suka take yi ko zugi, in kin miƙe daga zaune ne ya fi ko in kin kwanta. Tunda yanzu ta yi shiru da ke, ki sa ido a jikinta. A 2003 wasu nas biyu da wani likita a Amurka sun fitar da ma'aunin da ake kira PAINAD saboda tsofaffin da ciwon mantuwa ya hana su faɗin abin da ke damunsu, abu biyar suke kallo, yadda mutum ke numfashi, nishi ko kuka, yamutsa fuska, yadda yake ƙanƙame jiki ko dunƙule hannu, da kuma ko lallashi yana kwantar masa da hankali. Inna hankalinta ƙalau yake, amma idon nan zai miki amfani. Ki samu ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, safe da dare ki rubuta layi biyu, ta ci abinci ko ba ta ci ba, ta yi barci awa nawa, ciwon kaɗan ne ko tsaka-tsaki ko mai tsanani, me ta sha. Likita a layin asibiti minti kaɗan gare shi, littafin nan zai gaya masa abin da Inna ba za ta taɓa faɗa masa da bakinta ba.

Amma 'yata gwiwa rabin labarin ne. Zauna ki ƙirga abin da Inna ta rasa cikin shekara biyu. Mijinta da suka yi shekaru aru-aru tare, ɗakinta da ta san inda ko allurarta take, tandarta da 'yan kuɗinta na kanta da take ba jikoki ba sai ta tambayi kowa ba, ƙawayenta na islamiyya, maƙwabtan da ke leƙowa su ce Inna a ba mu masa ta ɗari biyu, sannan ga sujada, goshinta ya daina taɓa ƙasa. Kin ɗauko ta ne don ƙauna, ban da shakka, amma a wajenta ta tashi daga mai gida ta koma baƙuwa a gidan suruki, kuma kin san yadda iyayenmu ke jin nauyin zama gidan miji na 'yarsu, ko tari ba sa son yi da ƙarfi. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita kuma ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ita ta nuna cewa ciwon mutum ba na jiki ba ne kaɗai, akwai na zuciya, akwai na rabuwa da mutane, akwai na tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma duk suna haɗuwa su zama ciwo ɗaya. Duk huɗun nan na gan su a saƙonki.

Abin da kika lissafo, ƙin cin abinci, rashin barci, ƙin fita, daina jin daɗin abin da take so a da, ganin kanta a matsayin kaya, fatan mutuwa, waɗannan alamun ciwon damuwa ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne ba kuma raunin imani ba. Ba ciwon Turawa ba ne kuma. A nan ƙasar Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun yi bincike a kan tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa, aka buga a mujallar Lancet a 2007, suka samu kusan 26 cikin 100 sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce wajen 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Shi ciwon jiki da damuwa kuma juna suke ciyarwa, gwiwa ta hana barci, rashin barci ya ƙara zafin, zafin ya hana motsi, rashin motsi ya sa naman cinya ya saki gwiwar ta ƙara nauyi, zaman ɗaki ya kawo tunani, tunani ya sa ƙaramin ciwo ya zama babba. Shi ya sa in aka bi gwiwa kaɗai da ƙwaya ba a cika ganin sauƙi mai ɗorewa ba. Don haka a asibiti ki buɗe baki ki gaya wa likita maganar da take yi ta mutuwa, kada kunya ta hana ki. Akwai 'yan tambayoyi 15 na e ko a'a da ake yi wa tsofaffi don gano damuwa, ba sa ɗaukar lokaci. In ya tura ku sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kada ki ce an mayar da Inna mahaukaciya, ba haka ba ne sam. In an ba ta magani ki sani ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga canji, kada a yar da shi a kwana biyar. Kuma dan Allah kada kowa ya sayo mata valium ko wani maganin barci daga kemis, su ne ke sa tsoho jiri ya faɗi a bayi ya karya ƙugu.

In ta sake cewa da ma Allah ya ɗauke ta, na san abin da ke fitowa daga bakinmu, subhanallahi Inna daina faɗin haka. Wannan yana rufe ƙofar ne. Ki zauna kusa da ita ki ce Inna me ya fi damun ki, ki yi shiru ki saurara ko da kuka za ta yi. Ki tambaye ta a hankali ko ta taɓa tunanin yi wa kanta wani abu, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Ki kwashe tarin magunguna da fiya-fiya da maganin ɓera daga inda hannunta zai kai, maganinta ya zama a hannunki ke ke ba ta.

Sai abin da ya fi kowane magani a ganina, ki mayar mata da wani abu nata. Ranar Juma'a ki jiƙa shinkafa ki je ki ce Inna ni fa ƙulluna ba ya tashi kamar naki, zo ki duba mini. Ki sa mata kujera mai tsayi a tsakar gida lokacin hantsi, tanda a gabanki ita tana ba da umarni, tana gyara miki hannu tana faɗa, ki bar ta ta yi faɗan. In za a sayar da masar ma a ƙofar gida kuɗin ya shiga hannunta ya fi. Ki nemi biyu ko uku cikin ƙawayenta na islamiyya su riƙa zuwa, ko sau biyu a wata a sa ta a Keke a kai ta Gangare ta wuni. Kuma akwai tambayar da ban ga alamar an yi mata ba, ita a ina take son zama? Mai yiwuwa ta ce gidanta, da wata jika babba ko 'yar'uwa da za ta riƙa kwana da ita, ku kuna zagayawa. Mai yiwuwa kuma ta ce wajenki. Ko wanne ta zaɓa, tambayar kanta za ta nuna mata har yanzu ana shawara da ita. Amma wannan sai bayan an daidaita maganar magani, ba yanzu ba.

Maganar sallah kuwa a nan ƙanwarki za ta yi amfani. Kada ki yi rigima da ita kan jifa, ita ma tsoro ne da son Inna. Ki ce mata addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a yi duka. Ta nemo malamin da Inna ke girmamawa ko malamarsu ta islamiyya ta zo ta karanta mata hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari, wanda rashin lafiya ta dame shi Annabi ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Daga bakinki ba lallai ta karɓa ba, daga bakin malama za ta karɓa. Iyakar da za ki sa ita ce babu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba alhali ana zargin ƙoda, babu tsaga ko sakiya a gwiwa, balle in an samu tana da suga.

Ga sanyin garin nan namu da kin san yadda yake shiga ƙashi daga Disamba zuwa Janairu. Safa da zani mai kauri, ruwan alwala mai ɗumi, tawul da ruwan ɗumi a gwiwa safe da dare, amma kada a kai mata kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Tsuguno a bayi yana daga cikin abin da ya fi azabtar da mai ciwon gwiwa kuma ba za ta taɓa gaya miki ba, ki sa kafinta ya yi mata kujera mai rami ko ki sayi ta asibiti. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren na ƙafar da ta fi ciwo ake riƙe ta. Tana zaune ta miƙe ƙafa ɗaya ta riƙe ku ƙirga goma tare ta sauke, sau goma kowace ƙafa, jikoki su riƙa ƙirga mata. Ki roƙi likita ya haɗa ku da masu fiziyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, ki kuma tambaye shi maganin shafawa da adadin paracetamol da ya dace da nauyinta.

Shi Yaya kada ki sake kiransa kina kuka kina cewa Inna ba lafiya, ya saba jin wannan. Ki ɗauki hoton ƙwayoyin da hoton fuskarta da shafin littafin nan ki tura masa ta WhatsApp, ki ce Yaya ga abin da Inna ke sha, ga abin da nake so, kuɗin gwaji kaza, ka zo ranar Asabar ka kwana biyu, kuma ka riƙa kiranta kowace Juma'a ku yi hira ba gaisuwar minti ɗaya ba. Abuja zuwa Jos ta Akwanga ba tafiyar kwana ba ce. Sau da yawa ɗa namiji in ya ce tsufa ne, tsoron ganin uwarsa a haka ne yake ɓoyewa, in ya kwana ɗaya ya ji nishin da kunnensa ba sai kin ƙara bayani ba. In ya ƙi, ki kai maganar wajen kawunku ko wani babba da yake jin nauyinsa, amma kada jiran amsarsa ya hana ki kai ta asibiti.

Toh mu dawo kanki. Shekara biyu kina tashi da dare, ga yara huɗu ga miji, ba wanda ya karɓe ki ko na kwana ɗaya. Tsawar nan ba daidai ba ce, ke ma kin sani shi ya sa take cin ki, amma daga gajiya ta fito ba daga ƙiyayya ba, kuma ƙofar tuba a buɗe take, Inna ma tana raye kina da damar gyarawa. Mu da aka biya mu albashi muka yi jinya ma canjin aiki ake mana, ke kuwa ba dare ba rana. Ki gaya wa ƙanwarki kai tsaye tana da kwana biyu a sati, ko ta zo ta kwana ko ta ɗauki wuni, ki samu ki yi barci. Maigidanki ki zaunar da shi ki gode masa da ya riƙe surukarsa a gidansa, don ba kowa zai yi ba, ki gaya masa tsarin da kika yi da ranakun da za ki samu sarari, in zai raka ku asibitin ma ya fi. In kuma kika ga ke ma kin fara rashin barci da kuka ba dalili har ya wuce sati biyu, ki faɗa wa likitan a ranar da kuka je.

Yau da daddare bayan isha'i ki ɗumama ruwa ki ɗauki tawul ki shiga ɗakinta, ki durƙusa ki fara gasa mata gwiwar ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki ce Inna ki yafe mini maganar da na faɗa, na san ciwon nan gaskiya ne, gajiya ce ta sa ni, nuna mini inda ya fi. Ko ba ta amsa ba a daren, ki koma gobe. In kun dawo daga asibiti ki sake rubuto mini sunayen magungunan da aka ba ta da abin da gwajin ƙodar ya nuna, sai mu duba tare.